Sayen tsohon gida a cikin garin Gumel: fili, takarda da amana

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin garin Gumel da tsakar rana a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya san abin da ake ji idan aka sa ƙafa cikin zauren tsohon gida. Gumi ya tsaya, ido ya huta, wani sanyi mai ƙamshin ƙasa ya taso daga bango. Daga zaure sai ƙofar gida, daga ƙofar gida sai shigifa, sannan a faɗa tsakar gida mai faɗin da yara goma za su yi wasan ɓuya a ciki ba su takura wa mai daka ba. Ga darbejiya ko durumi ya yi inuwa, ga rijiya an rufe bakinta da tsohon kwano, ga ɗakuna a jere, kowanne da tarihin matar da ta zauna a cikinsa.

Irin waɗannan gidaje suna ƙara shigowa hannun dillalai. Masu gidan sun kwanta dama, 'ya'ya sun watse Kano da Dutse da Abuja, wasu sun yi nasu ginin a bayan gari. Masu neman saye kuma suna nan: malamin da ya karɓi kuɗin sallama, ɗan kasuwar da riɗi ko zoɓo ya yi masa albarka, mai fataucin shanu da ke son iyalinsa su zauna kusa da asibiti da makaranta. Kowannensu faɗin gidan ne ya ja shi. Amma tsohon gida ba faɗi kaɗai ake saye a cikinsa ba. Akwai haƙƙin mutane a ƙarƙashinsa, akwai lafiyar ginin, akwai kuma unguwar da za a shiga.

Garin da ya daɗe

Gumel ba garin jiya ba ne. Masarautar, wadda ake wa laƙabi da Lautai, Mangawa ne suka kafa ta wajen shekarar 1750, kuma ta yi zamanta a inuwar Borno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Fadar ta zauna a Tumbi, wadda yau take cikin Nijar, kafin a dawo da ita Gumel a zamanin Sarki Ɗan Tanoma. A 1851 matafiyin nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya ratsa garin a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya tarar da shi cike da fatake, babbar kasuwar kanwa. Bayan haka garin ya sha gwagwarmaya da Haɗeja da Damagaram, har zuwan Turawa a 1903. Da aka ƙirƙiro jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta 1991, Gumel ta zama ɗaya daga masarautunta biyar, da ƙananan hukumomi huɗu a ƙarƙashinta: Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar. Mai Martaba Alhaji Ahmad Muhammad Sani na biyu ya shafe sama da shekara 40 a kan karagarta.

Wannan tarihi yana nan a sunayen unguwanni. Ƙofar Arewa da Ƙofar Yamma suna tuna wa mutum cewa gari ne mai ganuwa. Zango na tuna masa ayarin fatake da raƙumansu. Ɗantanoma na ɗauke da sunan sarkin da ya zaunar da fadar a nan. Gidajen da ke waɗannan wurare an yanke su ne a zamanin da fili bai zama kuɗi ba, lokacin da mai gida ke shata wuri yana lissafin mata huɗu, da 'ya'ya, da baƙi, da turken doki, da rumbu. Shi ya sa gida guda a cikin gari zai iya haɗiye fulotin zamani biyu ko uku, waɗanda ake yanka ƙafa 50 a faɗi, ƙafa 100 a tsawo, wani lokacin ma a raba su biyu.

Abin da ke jan mai saye

Dalili na farko lissafi ne. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, kayan gini suka tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu goma a wurare da dama na ƙasar nan, rodi da kwano da katako suka bi shi. Mutumin da ya sayi fili a bayan gari yana iya shafe shekara biyar yana tara bulo, damina na cinye masa abin da ya tara. Tsohon gida kuwa, ko da ɗaki uku ne kawai ke da lafiya, ana iya tarewa a ci gaba da gyara sannu a hankali, kaka bayan kaka.

Na biyu shi ne kusanci. A cikin gari masallacin Juma'a yana kusa, kasuwa tana kusa, babban asibiti bai yi nisa ba, makarantar allo tana ƙofar gida. Malaman Kwalejin Ilimi ta jiha da ke Gumel da sauran ma'aikata sun san darajar wannan, musamman a zamanin da kuɗin acaɓa ya ninka. Ɗan kasuwar da ke zuwa Maigatari kowace Alhamis, inda shanu da raƙuma da tumaki ke sauka daga Nijar, yana iya kwana a Gumel ya isa kasuwa kafin rana ta ɗaga. Kuɗin wannan kasuwa na daga cikin abin da ke motsa cinikin gidaje a yankin. Idan iyaka ta rufe, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, hannun masu saye kan yi sanyi, masu sayarwa na dole su yawaita.

Na uku kuma, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne mutane. A sabuwar unguwa kowa ya ja katanga ya sa ƙofar ƙarfe. A cikin gari, idan matarka ta haihu kafin ka dawo daga tafiya an dafa ruwa an dama kunu. Idan yaronka ya yi ba daidai ba a waje, akwai dattijon da zai tsawata masa. Wannan ba ya cikin farashi, amma shi ne rabin darajar gidan.

Gidan magada

Mafi yawan manyan tsofaffin gidajen da ke kasuwa gidajen gado ne, kuma a nan ne mai saye ya fi buƙatar buɗe ido. A ɗauki misali. Mutum ya rasu, iyayensa sun riga shi, ya bar mata biyu, 'ya'ya maza huɗu da mata shida, da gida guda da aka yi wa kuɗi naira miliyan 16. Bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, matan biyu suna da tumuni, wato ɗaya bisa takwas: miliyan biyu, kowacce miliyan ɗaya. Sauran miliyan 14 a raba wa 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mace biyu: kowane namiji miliyan biyu, kowace mace miliyan ɗaya. Mutum goma sha biyu ke nan ke da haƙƙi a gida guda. Idan aka bar gadon shekara ashirin ba a raba ba, wasu daga cikinsu su ma sun rasu sun bar nasu magadan, sai masu haƙƙi su kai talatin ko fiye.

Abin da ya fi faruwa shi ne babban wa ya tsaya a gaba, ya ce ai shi ne uban gida yanzu, kowa ya amince. Mai saye, saboda kunya ko zumuɗi, sai ya karɓi maganarsa. To ina ƙanwar da ke aure a Magarya ko Damagaram? Ina marayun ɗan'uwan da ya rasu? Ina tsohuwar da ke ɗakin ƙurya, wadda aka kawo ta gidan tana amarya shekara hamsin da suka wuce, ba ta san wani wurin kwana ba sai nan? Cinikin da aka yi ba da yardarsu ba, ko an biya kuɗi lakadan, yana nan a rataye. Wata rana sammaci zai zo daga kotun shari'ar Musulunci, kuma alƙali ba zai tambayi nawa aka kashe wajen fenti ba.

Akwai kuma haƙƙin shufa'a, wanda masu saye da yawa ba su san da shi ba sai ya faɗo musu. A mazhabar Malikiyya, idan mutane suna tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayyarsa yana da ikon karɓar wannan kaso ya mayar wa mai saye kuɗin da ya biya. Wanda yake gari kuma ya san da cinikin, haƙƙinsa kan faɗi idan ya yi shiru har kimanin shekara guda. Wanda ba ya nan kuwa, haƙƙinsa na jiransa har ya dawo. Saboda haka sayen ɓangaren gida daga hannun magaji guda, kafin a raba a ja iyaka, cinikin biri a sama ne.

Hanyar tsira a bayyane take. A nemi takardar rabon gado daga kotu, mai ɗauke da sunan kowane magaji da kasonsa. A zauna da su duka, maza da mata, kowa ya furta amincewarsa da bakinsa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Wanda yake nesa ya aiko da wakili da rubutacciyar shaida. Kason maraya ya bi ta hannun alƙali. Kuma a tambaya a fili, tun kafin a biya kafin alƙalami, inda tsofaffin matan gidan za su koma. Gidan da aka shiga da hawayen gyatuma a bakin ƙofa, da wuya a ji daɗin barci a cikinsa.

Daga mai unguwa zuwa Dutse

Yawancin gidajen cikin gari ba su da takardar gwamnati ko guda. Shaidarsu ita ce kowa ya san gidan wane ne, tun kakansa. Wannan shaida tana da ƙarfi a unguwa, shi ya sa ba a tsallake mai unguwa. Shi ya san iyakar gidan, ya san ko an taɓa jinginar da shi, ya san ko wani ɗaki an ba wa masallaci ko makarantar allo wakafi. Daga gare shi takardar ciniki kan wuce wurin dagaci da hakimi a buga hatimi. Dillali yana da amfaninsa, kuma la'adarsa halal ce idan an yanke ta tun farko, amma a tuna cewa cinsa yana cikin ƙullewar ciniki. Idan ya ce “Alhaji, akwai wani a bayanka, in ba ka biya yau ba gobe babu,” lokacin ne ya kamata a ƙara jinkirtawa.

Takardar mai unguwa kuma ba ita ce ƙarshe ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Filin birni gwamnan ne ke ba da shaidar mallakarsa, na karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama bisa al'ada. Idan gida yana da shaidar mallaka ta gwamnati, sayar da shi na buƙatar amincewar gwamna, kuma ya kamata a je ma'aikatar filaye da ke Dutse a bincika ko sunan da ke kan takardar shi ne na mai sayarwa, ko ba a ajiye ta a banki an ci bashi ba. Idan ba shi da ita, mai saye ya ɗaura niyyar nemanta: a kawo safiyo ya auna, a kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta, a buɗe fayil. Akwai ɗawainiya da zirga-zirga, amma ranar da hanya za ta biyo ta unguwar a zo biyan diyya, ko ranar da mai sayen shi ma ya koma ga Mahaliccinsa, takardar ce za ta yi magana.

Mutanen wannan masarauta ba sa buƙatar a koya musu darajar takardar ƙasa. Taƙaddamar da aka daɗe ana yi a Gagarawa kan dubban hekta na gonaki da aka ware wa aikin noman rake ta nuna wa kowa yadda gonar kaka da kakanni ke zama abin jayayya idan babu rubutu a hannu. Addini ma ya riga doka: aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, magana take kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Kuɗin kuma a biya ta banki inda hali ya yi, ko a ƙirga a gaban shaidu a rubuta rana da adadi.

A je da magini, a je da damina

Wanda zai sayi tsohon gida kada ya je duba shi da abokinsa kawai, ya tafi da tsohon magini wanda ya san ginin ƙasa. Kuma idan da hali a duba shi a watan Agusta. Da rani kowane gida lafiyayye ne. Ruwan sama ne ke tona asirin gini.

A fara daga gindin bango, domin ta nan ginin tubali ke mutuwa. Idan ƙasan bangon ya zaizaye, ko ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa, danshi ya shige shi. Shekara da shekaru ana cike lungu da ƙasa, har titi ya fi tsakar gida tudu, ruwan unguwa ya riƙa shigowa ta zaure maimakon ya fita. A bi magudanar ruwan gidan a ga inda take zuba. Wata ta cikin gidan maƙwabci take ratsawa bisa yarjejeniyar da kakanni suka yi da baki, sabon mai gida kuma ba shi da tabbacin za a ci gaba da ɗaga masa ƙafa. Ambaliyar 2022 ta rusa gidajen ƙasa masu yawa a faɗin Jigawa, kuma sau da yawa ruwan da ya kwanta a gindin bango ne ke kayar da ɗaki a kan masu barci.

Sannan a ɗaga kai a dubi rufi. Azarar giginya tana iya shekara ɗari gara ba ta ci ta ba, amma idan soro ya daɗe yana yoyo bakinta da ke cikin bango kan ruɓe. Magini zai ƙwanƙwasa ya ji sautinta. A duba indararo ko yana jefa ruwa nesa da bango. A duba tsagewa: wadda ta tsaya a fatar yaɓe ba komai ba ce, wadda ta ratsa daga sama har ƙasa a kusurwa tana nufin bangon ya fara rabuwa da ɗan'uwansa. A auna tazarar masai da rijiya, domin ƙasar yankin rairayi ce, ƙazanta na saurin ratsa ta. A nemi inda tsofaffin rijiyoyi da masan da aka cike suke, kada a ɗora sabon ɗaki a kansu. Wayoyin lantarki na da, waɗanda aka ja lokacin da ƙwan fitila da rediyo ne kawai a gida, ba za su ɗauki firji da injin jan ruwa ba, sai an sake su. A tambayi bashin wuta da ke kan gidan. A kuma dubi faɗin lungu, domin inda tifa ba ta shiga, kowane buhun siminti da kowane kwandon yashi sai an biya mai kura ko amalanke.

Duk wannan a haɗa shi a lissafi kafin a taya. Araha ba ta ado. Gidan da aka sallama da sauƙi yana iya cin rabin kuɗinsa a gyara.

Kada a rushe duka

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne abin da ke biyo bayan ciniki. Da yawa daga masu saye, da an miƙa musu makulli, sai su kira lebura a baje komai, a yanka wurin gida uku na haya, ko a jera shaguna a bakin hanya. An ga yadda wannan ya cinye gidajen tarihi a cikin birnin Kano. Mai kuɗi yana da iko da abinsa, kuma ba kowane kango ne ya cancanci a tsaya masa ba. Ɗakin da ke barazana ga rai a sauke shi tun kafin damina. Amma zauren da ke tsaye da bakan gizonsa, da zankwayensa a sama, da bango mai kaurin kamu biyu, rushe shi asara ce da kuɗi ba ya mayarwa. Maginan da suka iya ɗaurin guga suna ƙarewa, yaransu sun koma ɗora bulo.

Duniya ta san darajar wannan gini. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19 har yau masana gini na zuwa kallon bakunansa. A 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin wuraren tarihi na duniya saboda gine-ginensa na ƙasa. A unguwar Birni ta Damagaram, maƙwabciyar Gumel ta arewa, gidaje masu zane a fuska suna nan ana zaune a cikinsu. Abin da waɗannan wurare suka riƙe, akwai irinsa a lungunanmu, sai dai ba mu ɗauke shi a bakin komai ba.

Ana iya haɗa tsoho da sabo. A bar zaure da shigifa da ɗakunan da ke da lafiya, a gina banɗaki da kicin na bulo a gefe. A ɗora kwano a saman soro mai yoyo, da baki mai tsawo da zai kare bango daga feshin ruwa, a bar rufin ƙasar a ƙarƙashi yana tare zafi. A ɗaure gindin bango da dutse ko bulo, a gyara magudana. A yi hattara da shafa siminti kai tsaye a jikin bangon ƙasa: siminti ba ya barin danshi ya fita, sai bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye, wata rana fatar ta ɓantaro gaba ɗaya. Yaɓen ƙasa da makuba, da magabata suka riƙa sabuntawa, ya fi dacewa da jikinsa. Kuma a bar bishiyar tsakar gida. A garin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, inuwa da kaurin bango su ne na'urar sanyaya ɗakin talaka.

Shiga unguwa

Magabata sun ce a nemi maƙwabci kafin gida. Mai saye ya je unguwar da asuba, ya je da dare, ya yi salla a masallacinta, ya zauna a dakalin ƙofar gida ya ji irin hirar da ake yi. Ya gaishe da liman da mai unguwa da dattawa tun kafin ya tare. Ya sani cewa tsohon gida na zuwa da al'adunsa: wataƙila a zaurensa almajirai ke kwana, wataƙila a ƙofarsa ake shimfiɗa tabarmar zaman makoki na duk layin, wataƙila daga rijiyarsa maƙwabta ke ɗiba. Ba dole ne ya ɗauki duka ba, amma wanda ya toshe su gaba ɗaya a rana guda ya sayi gida ya rasa unguwa. Idan kuma zai ɗora bene, ya lura da tagogin da za su leƙa tsakar gidan mutane.

Kira na ga masu sayarwa shi ne su raba gado da wuri, su ba mata da marayu haƙƙinsu cikakke, su faɗi aibin gidan kafin a tambaye su. Ga masarauta da ƙananan hukumomin nan huɗu, lokaci ya yi da za a ƙirga tsofaffin zaurukan da suka rage a rubuta su, a ƙarfafa wa maginan gargajiya su koyar da matasa, a kuma sauƙaƙa wa talaka hanyar samun takardar gidansa. Kai kuma mai saye, kada faɗin tsakar gida ya rufe maka ido. Ka ga kowane magaji, ka riƙe takardarka, ka duba gindin bango da damina, ka bar zauren a tsaye. Allah ya sa albarka a ciniki, ya sa gidan zama ne na alheri.